Bayan Tiyatar Hanji, Kwanciya Ba Ita Ce Jinya Ba

Jama'ar Mai'adua da kewaye, yau da majinyata nake, musamman waɗanda ake tura nasu Daura, Katsina ko Kano don aikin babban hanji ko dubura. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin masu tiyata, kuma ba da mara lafiya na fi shan gardama ba, da mai zaman jinyarsa ne.

Washegarin aiki sai mu ce, "Baba, a daure a sauko da ƙafa, a zauna a kujera." Nan take ɗansa zai tare gado: "Haba Sista, jiya fa aka yanka shi! Ɗinkin zai ɓalle." Tashi a hankali ba ya ɓalle ɗinki. Doguwar kwanciya ce abin tsoro: majina ta taru a huhu, jini ya daskare a jijiyar ƙafa, hanji ya ƙi motsi har ciki ya kumbura.

Da can asibiti ma haka take yi: azumi tun tsakar dare, roba a hanci, ba ci ba sha sai an yi tusa. Wani likitan tiyata ɗan Denmak, Henrik Kehlet, shi ya fara rushe wannan al'ada a shekarun 1990. A tsarin murmurewa da wuri, awa 6 kafin maganin barci ake barin abinci, ruwa kuwa ko shayi ba madara ana sha har saura awa 2. Bayan aiki, cikin awa 24 a fara kurɓar ruwa, sai koko mai ruwa-ruwa. Robar fitsari a cire da wuri. In da ciwo a faɗa, fulako ba shi da amfani a nan, don mai jin ciwo ba ya tari, ba ya tafiya. Kwanakin asibiti kan ragu, kuma wanda ya sayar da sa a kasuwar Lahadi don biyan kuɗin aiki ya san darajar kwana ɗaya.

Amma fa ba kowa ba. Wanda aka yi wa aikin gaggawa saboda toshewar hanji, ko mai ciwon suga, likita ne zai tsara masa nasa. Kada a ɗura masa fura ko tuwo a ɓoye don 'yan dubiya sun kawo.

Bayan sallama, in aka ga zazzaɓi, amai, kumburin ciki ko ruwa na fita daga ɗinki, don Allah kada a tsaya kemis. A dawo da shi asibiti ranar, ko da dare ne.