Tsatsar ƙarƙashin mota: aikin gida da aikin mai walda

Motar da ke zirga-zirga tsakanin Kwanar Ɗangora, Tudun Wada da Doguwa ta fi ta cikin birnin Kano shan wuya. A nan kudu ruwa yakan riga na birni sauka, ya kuma jima bai ɗauke ba. Da zarar ka bar kwaltar da ta ratsa dajin Falgore ka nufi ƙauyukan gindin duwatsun Riruwai, sai taɓo da rafuka. Mai mota ya dawo gida, yara su wanke jiki ya yi fes, amma ƙarƙashi babu mai leƙawa sai ranar da sifirin ya ɓalle daga mazauninsa, ko ƙafar fasinja ta burma.

Ba ruwan sama ne ke cin shasi ba, domin ruwa zalla yakan tsiyaye ya bushe. Laka ce matsalar. Takan cusa kanta a saman tankin mai, a bayan madigadi, da cikin ramin ƙarfen shasi, ta toshe 'yan ƙofofin da kamfani ya huda don ruwa ya fita. Samanta ya bushe, cikinta kuwa jiƙe har tsakiyar kaka, ƙarfe yana kwance cikin danshi dare da rana. Shi ya sa tsatsar da ke karya mota daga ciki take farawa, kamar gara a azara: waje lafiya lau, ka sa yatsa ka ji fanko.

Mu a ƙasar noma muna da ƙarin abokin gaba, wato takin zamani. Yuriya da kamfa suna jan laima daga iska, kuma sinadaran da ke cikinsu suna sa ƙarfe ya ci da sauri fiye da kima. Buhu ɗaya ya yage a bayan a-kori-kura, ƙwayoyin su shige tsagar bodi, ruwa ya narkar da su, su gangara kan shasi. Haka fitsari da kashin dabbobin da aka kai kasuwa. Duk ranar da ka ɗauki taki, a ranar za ka share ka kuma wanke. Kada ka bari ya kwana.

Wasu motocin kuma da cutarsu suka iso. A Kanada, arewacin Amurka da ƙasashen Turai ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma da yawa daga cikin motocin da ke shigo mana ta Kwatano da Legas sun sha wannan gishirin shekara da shekaru. Ko manyan kamfanoni bai bari ba: a 2016 Toyota ta amince da sasancin da ya kai kimanin dala biliyan 3.4 a Amurka saboda tsatsar shasin Tacoma, Tundra da Sequoia. Saboda haka in ka je saye ka tarar an shafe ƙarƙashi da sabon baƙin fenti mai kauri, tsaya ka tambayi kanka me ake ɓoyewa.

Lokacin aikin shi ne hunturu, bayan an gama kwaso masara, lokacin da iska ke busar da komai. Ka sami daɓe mai ƙwari wanda ba gangare ba, ka tare tayoyi, ka ɗaga motar. Ina roƙonka, ɗan'uwa, kada ka shiga ƙarƙashi kana dogaro da jak kaɗai, kada kuma ka tokare ta da bulon siminti, don yakan fashe ba tare da sanarwa ba. Ka sa ƙafafun ƙarfe na garejin makanikai ko gungumen itace mai lafiya. Sai wanki da ruwa mai ƙarfi, kana zura waya a kowace ƙofar tsiyaya har ruwan da ke fitowa ya yi fari. Ka bar ta ta bushe sosai, ko da kwana biyu ne.

Daga nan ɗauki ƙaramar guduma da sukudireba da tocila. Ƙarfe mai lafiya in ka buga yana amsawa da ƙara, wanda ya ruɓe kuwa sai ka ji dum, ɓawo mai launin goro ya zubo maka a fuska, don haka ka sa tabarau. A motoci masu shasi daban irin su Hilux da Kanta, ka bi dogayen ƙarafan nan biyu tun daga gaba har baya, musamman inda sifirin da shokazoba suka kama. Golf, Sharon da Corolla kuwa jikinsu ne shasinsu, sai ka duba ƙasan ƙofofi, wurin sa jak, rijiyar safayar taya, ka kuma ɗaga kafet. Sau da yawa roba ce ta gilashi ke yoyo, kafet ya sha ruwa, tsatsa ta ci daga sama.

In tsatsar ta tsaya a fata, sukudireba bai huda ba, wannan aikinka ne. Ka kankare da burushin waya da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana, ka goge maiƙo da ƙura. Inda hannu bai kai ba akwai ruwan kashe tsatsa da ake sayarwa a shagunan fenti, wanda ke mai da ita baƙa ƙirin, amma sai an cire ɓawon tukuna yake aiki. Sai jan fentin ƙarfe, irin wanda masu ƙera ƙofa ke fara shafawa, sau biyu ba mai kauri ba, kana barin na farko ya bushe. A kansa ne baƙin fentin ƙarƙashi zai hau. Cikin ramin ƙarfe, inda burushi ba ya shiga, ka fesa kakin da aka yi don haka ko sabon mai mai kauri, ka bar ƙofofin tsiyaya a buɗe.

Na san za a ce baƙin mai fa, wanda aka juye daga inji, ga shi kyauta? Yana korar ruwa na ɗan lokaci, amma yana cinye robobin ƙafa, yana tara ƙura, yana ɗiga a tsakar gida inda yara ke wasa. In ya taɓa birki ko salansa kuwa, an shiga haɗari. Mafi muni, galibi a kan laka da tsatsa ake lafta shi, a rufe cutar a bar ta tana ci.

Idan sukudireba ya huda, ko ka ga tsaga kusa da sitiyari, sifirin ko mazaunin inji, to aikin gida ya ƙare. Fila da gwangwani ba sa ɗaukar buhu ashirin na masara. Nemi mai walda da ya saba da shasi, ka tsaya a kansa. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin har ya kai lafiyayyen ƙarfe, ya sa faci mai kaurin na asali, ya ɗora wani falle ya haye mahaɗar, bakinsa a karkace, domin waldar da ta miƙe daga sama zuwa ƙasa a nan take sake tsagewa. Kafin ya kunna wuta a cire kan batir, a kare tanki da bututun mai, a ɗage kafet, a ajiye bokitin yashi kusa. Bayan ya huce a yi wa wurin fenti ciki da waje, don sabuwar walda ta fi ko'ina saurin tsatsa. Bututun birki da ya yi ƙuraje kuwa ba a yi masa faci. Ka aika kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano a sayo sabo, a sa, a fitar da iska, ka gwada birkin a fili kafin ka ɗauki kowa.