Suna Linzami: Yadda Ake Saita Manhajar Yanayi Ta Karanta Matsin Iska A Mubi

1.0 Gabatarwa

Tun kafin zuwan na'urori, manomin ƙasar Mubi yana da hanyoyinsa na gane shigowar damina. Idan iskar hunturu ta daina kaɗowa da ƙurarta, shamuwa ta sauka, hadari kuma ya fara haɗuwa ta bayan duwatsun Mandara, ya san lokacin gyaran iri ya yi. A yau kuwa akwai ƙananan na'urori masu araha waɗanda mutum zai kafa a gidansa su riƙa auna zafi da laima da ruwan sama da matsin iska, su aika wa kwamfuta ba tare da an ja waya ba. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikinsu, wato ma'aunin matsin iska, da yadda ake saita manhajar kwamfuta ta karɓi abin da ya aiko.

Dalilin kawo batun a mujallar ɗaliban harshe shi ne, mafi yawan kurakuran da ake yi a wannan aiki kurakuran suna ne. Manhajar tana da kalmomi uku na abin da mu a Hausa muke kira da kalma ɗaya. Wanda bai bambance su ba, na'urarsa za ta auna daidai, amma kwamfutarsa ƙarya za ta rubuta. Hausawa dai sun ce suna linzami ne.

2.0 Ma'anar Matsin Iska

Kalmar iska a Hausa tana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. Akwai iskar da muke shaƙa ko da ganye ba ya motsi, akwai kuma iskar da ke kaɗawa har ta yaye rufin kwano. Matsin iska ya shafi ta farko ne. Shi ne nauyin da iskar da ke bisa kanmu take dannawa a kan ƙasa, kimanin kilo ɗaya a kan fili mai faɗin farcen yatsa. Saboda haka kada a rikita shi da ƙarfin iska, wanda yake nufin gudun kaɗawarta.

Wani masani ɗan Italiya mai suna Toricelli ne ya fara auna wannan nauyi a shekarar 1643, inda ya ga yana iya tallafe zaiba a cikin bututun gilashi har tsawon kimanin milimita 760. A shekarar 1648 kuma, bisa shawarar Paskal na ƙasar Faransa, aka hau dutsen Puy de Dôme da irin wannan bututu, aka tarar zaibar tana sauka gwargwadon yadda ake hawa. Daga sunan Paskal aka samo ma'aunin da ake amfani da shi yanzu, wato hektopaskal, wanda ake taƙaitawa hPa. Hektopaskal ɗaya daidai yake da miliba ɗaya.

A bakin teku, adadin da masana suka ɗauka a matsayin mizani shi ne 1013.25. Yana raguwa da kusan ɗaya a duk hawan mita takwas zuwa tara. Tsakiyar garin Mubi tana bisa teku da wajen mita 580, don haka ma'auni mai lafiya a Mubi zai nuna tsakanin 945 zuwa 950. A Yola kuwa, wadda ke kwarin Binuwai ƙasa da mita 200, zai nuna wajen 990 a rana guda da sa'a guda. A riƙe waɗannan alƙaluma, domin za mu koma gare su.

3.0 Kayan Aiki

Abubuwa huɗu ake buƙata. Na farko shi ne ma'aunin kansa. Waɗanda aka fi samu su ne BMP280 da BME280 na kamfanin Bosch, ko wannensu bai kai ƙwayar shinkafa girma ba, kuma suna auna daga 300 zuwa 1100. Na biyu shi ne ɗan allon lantarki mai waifai, kamar ESP32, wanda zai karanta ma'aunin ya aika. Na uku shi ne rauta, wato akwatin da ke raba waifai a gida. Na huɗu shi ne kwamfutar da za ta kwana a kunne. An fi amfani da Raspberry Pi, wadda ta fara shiga kasuwa a 2012, domin ba ta cin wuta, ƙaramin batirin sola ma ya ishe ta.

Manhajar da za mu yi misali da ita ita ce WeeWX. Kyauta ce, kuma mafi yawan umarnin da ake ba ta yana cikin fayil guda mai suna weewx.conf, wanda ake buɗewa a gyara kamar kowane rubutu.

Hanyar da saƙo ke bi daga ma'auni zuwa manhaja ana kiranta MQTT, wadda aka ƙirƙiro a 1999. A wannan tsari mai aikawa ba ya magana da mai karɓa kai tsaye. Akwai wata manhaja a tsakani wadda sunanta da Ingilishi yake nufin dillali, kuma fassarar ta zauna daram, domin duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Mubi ya san mai saye da mai sayarwa a hannun dillali suke haɗuwa. Ma'auni zai kai wa dillali adadi a ƙarƙashin wani take, alal misali gida/matsi, manhajar yanayi kuma ta shaida wa dillalin cewa duk abin da ya zo da wannan take a miƙo mata. Dillalin da aka fi sani shi ne Mosquitto.

4.0 Kalmomi Uku, Ma'ana Uku

A rumbun bayanan WeeWX akwai gurabe uku na matsin iska. Ga su nan tare da sunayen Hausa da wannan maƙala take ba da shawarar a kira su da su:

i. Matsin wuri. Manhajar tana rubuta shi pressure. Shi ne ainihin abin da ma'auni ya ji a inda aka ajiye shi, ba ƙari ba ragi. A Mubi, wajen 947.

ii. Matsin matuƙa. Manhajar tana rubuta shi altimeter. Shi ne matsin wuri bayan an yi lissafin mayar da shi bakin teku ta amfani da tsawon wurin kawai. Irinsa ne filayen jiragen sama suke ba matuƙa domin su saita ma'aunin tsayinsu.

iii. Matsin teku. Manhajar tana rubuta shi barometer. Shi ma an mayar da shi bakin teku, amma an sa zafin iskar waje a cikin lissafin. Irinsa ne masana yanayi suke zana taswira da shi, domin da shi ne za a iya kwatanta Mubi da Yola da Legas ba tare da tudu da kwari sun shiga tsakani ba.

A nan ne mai fassara yake faɗawa rami. A ƙamus, kalma ta uku sunan na'urar awon ce, don haka mutum zai ga ai can ya kamata ya zuba abin da na'urarsa ta aiko. Idan ya yi haka, shafinsa zai nuna matsin teku a Mubi 947, adadin da ba a ganin irinsa sai a tsakiyar babbar mahaukaciyar guguwar teku. Akwai kuma kishiyar wannan kuskure. Wasu allunan sukan yi lissafin teku da kansu su aiko da 1011. Idan aka zuba wannan a gurbin matsin wuri, manhajar za ta sake ƙara masa, ya tashi wajen 1078, wato dab da 1083.8 da aka auna a Agata ta ƙasar Rasha cikin tsananin sanyin Disambar 1968, ɗaya daga cikin mafiya girma a tarihin awon duniya. Ka'idar ita ce, a bar ma'auni ya aiko da ɗanyen adadi, a zuba shi a gurbin farko, manhajar ta lissafa sauran biyun.

5.0 Matakan Saitawa

Mataki na ɗaya: a faɗa wa manhajar inda take. A sashen Station na fayil ɗin ana rubuta altitude = 580, meter, sai latitude = 10.27 da longitude = 13.27. Wannan misali ne na tsakiyar gari. Wanda gidansa ke gindin dutse ko a saman bene ya nemi nasa tsayin da taswirar waya, domin kuskuren mita goma yana haifar da kuskuren hektopaskal ɗaya da 'yan kai. A kula da kalmar meter ɗin nan, domin wanda ya rubuta foot a madadinta ya sauko da Mubi zuwa kwarin Yola.

Mataki na biyu: a buɗe ƙofar dillali. Tun daga fitowar Mosquitto ta biyu a 2020, ba ya sauraron kowa sai kwamfutar da yake ciki har sai an umarce shi. Ana rubuta masa listener 1883, sannan a ba shi suna da kalmar sirri, domin kada duk wanda ya hau waifan gidan ya cusa nasa adadin.

Mataki na uku: a tsayar wa kwamfutar da adireshi guda a cikin rauta. Idan wuta ta ɗauke ta dawo, rauta tana iya raba sababbin adireshi, sai ma'auni ya yi ta sallama a ƙofar da ba kowa.

Mataki na huɗu: a ƙara wa WeeWX wata 'yar manhaja mai suna MQTTSubscribe, a ba ta adireshin dillali da lambar ƙofa da taken saƙo. Idan a saƙon an kira adadin matsi da Hausa, sai a rubuta name = pressure a ƙarƙashin wannan kalma. Wannan layi ƙamus ne mai kalma ɗaya, kuma a kansa duk aikin ya rataya.

Mataki na biyar: a daidaita mudun awo. Ma'aunin Bosch yakan ba da adadi da paskal, wato 94700, sai an raba da ɗari. Ita kuma WeeWX ta san mudun Amurka na incin zaiba, inda 947 yake daidai da kusan 28. Idan ba a rubuta unit_system = METRIC ba, tana iya ɗaukar 947 a matsayin inci, ta ga ya wuce hankali, ta jefar, gurbin ya zauna wayam.

Mataki na shida: a samar da ma'aunin zafi a waje cikin inuwa, domin idan babu zafin waje manhajar ba za ta fitar da matsin teku ba. Shi ma'aunin matsi ana iya barinsa cikin ɗaki, tun da iskar ɗaki da ta waje matsinsu ɗaya, sai dai a nisanta shi daga rana da fanka, a sa shi a ɗan akwati mai huji saboda ƙurar hunturu.

Mataki na bakwai: a kula da agogo. Yawancin samfuran Raspberry Pi ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya idan an kashe su, don haka sai an haɗa su da intanet ko a sa musu ɗan agogo mai batiri. Adadin da ba a san sa'arsa ba, ba shi da amfani.

Bayan an gama, a rana mai natsuwa a kwatanta matsin matuƙa da wanda filin jirgin saman Yola yake bayarwa. Idan tazarar ta wuce uku ko huɗu, a koma a duba tsayin da aka rubuta.

6.0 Karanta Sakamako

Littattafan Turai sukan ce idan matsi ya sauka ruwa na tafe. A ƙasarsu haka ne, amma wanda ya ɗauko wannan magana ya dasa a Mubi zai sha kunya. A ƙasashe masu zafi matsin iska yana hawa da sauka sau biyu kowace rana, ko da hadari ko babu. Yakan kai ƙoli wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, ya sauka wajen ƙarfe 4 na yamma da 4 na asuba, da tazarar biyu zuwa huɗu, saboda yadda rana take ɗumama sararin sama. Ke nan saukar da aka gani da la'asar al'ada ce ta kullum. Abin da ya kamata shi ne a kwatanta awon yau da na jiya a sa'a guda.

Alamar da ta fi fitowa fili a yankinmu ita ce ta hadarin gabas. Idan ya taso da sanyayyar iskarsa, matsi yakan yi tsalle sama da ɗaya zuwa uku cikin ɗan lokaci. Tun da manhajar tana ajiye awo kowane minti biyar, za a ga tsallen a zanenta, a san lokacin da hadarin ya iso.

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan na'ura. Ba za ta gaya wa manomi ranar shuka ba, kuma ba ta maye gurbin hasashen damina da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wadda aka kafa da dokar 2003, take fitarwa duk shekara ba. Wanda ya zuba iri don ya ga adadi ya motsa, ya yi wanka da kashi don ganin hadari. Amfaninta shi ne tara tarihin awo na unguwa guda shekara da shekaru, abin da yake da ƙaranci a garuruwanmu. Idan kuwa an zuba shi a gurbin da ba nasa ba, duk wanda ya zo ya yi nazari a kansa daga baya ya gaji kuskuren.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta kawo ma'anar matsin iska da kayan awonsa da matakai bakwai na saita manhaja, ta kuma nuna cewa bambance kalmomi uku shi ne ginshiƙin aikin. An ba da shawarar matsin wuri da matsin matuƙa da matsin teku, amma ba a ce an rufe ƙofa ba. Mubi tana da Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a 2002, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, inda ake da ɗaliban labarin ƙasa da na lantarki. Ya kamata ɗaliban Hausa su zauna da su, su gwada waɗannan kalmomi a bakin masu aikin, a riƙe wadda ta karɓu, a sauya wadda ta ƙi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.