Toshewar Indararo: Yadda Waya Za Ta Taimaka A Ceci Rufin Ɗaki Kafin Damina

A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Kanada da arewacin Amurka, akwai wata matsala da ke damun masu gidaje a lokacin hunturu. Dusar ƙanƙara kan taru a kan rufi, ɗumin cikin gida ya narkar da ita daga ƙasa, ruwan ya gangaro zuwa bakin rufin. Da yake wurin ya fi sanyi, sai ruwan ya sake daskarewa ya zama shinge. Wanda ya biyo baya ya rasa hanya, ya koma ta ƙarƙashin rufin ya ɗiga cikin ɗaki.

A Anka da Gummi da Bukkuyum ƙanƙara ba ta daskarewa a kan rufi, amma cutar iri ɗaya ce: ruwan da aka tare wa hanya a bakin rufi cikin ɗaki yake komawa. A nan, abin da ke tare shi shi ne ƙurar hunturu, da ganye, da leda, da sheƙar tsuntsu da ke cushe indararo. Yanzu kuma an samu ƙari, wato wayoyin sola da na dish da ake bi da su ta cikin indararo don gudun huda bango.

Nauyin da ke kan azara

Lissafin ba wuya, kalkuletar waya ta isa. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne, kuma nauyin lita 1 kilo 1 ne. Soro mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4 yana da murabba'in mita 20. Idan aka yi ruwa na milimita 30, lita 600 ke nan suka sauka a kansa, wato jarka 24 mai cin lita 25. Idan indararo ya toshe har ruwa ya kwanta da zurfin santimita 5, to azara na ɗauke da kilo 1,000, ban da nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da ɗiga ake farawa: ta lalata soket, da batir, da inbata. Idan aka yi sake, rufin kan rufto wa masu barci.

Lokacin da ya dace

A wannan yanki ruwa kan kankama ne daga watan Yuni, ya fi ƙarfi a Agusta. Saboda haka Afrilu da Mayu ne lokacin gyara. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma tana wallafa na kwanaki a shafukanta na sada zumunta. Yana da kyau a saka tunatarwa a kalandar waya: dubawa ɗaya kafin ruwan fari, sannan bayan kowace iska mai ƙarfi.

Matakan dubawa

1. A ɗaure waya da kyau a kan doguwar sanda, a kunna bidiyo, a ɗaga ta zuwa bakin indararo. Za a ga abin da ke ciki ba tare da an taka tsani ba.

2. A cikin ɗaki, a haska azara ko silin da tocilan waya. Tabon ruwa, ko baƙin itace, ko garin gara a ƙasa, duk alamu ne. A ɗauki hoto don a gwada da na wata mai zuwa.

3. A duba gangaren soro da manhajar awon daidaito. A iPhone tana cikin Measure, masu Android kuma za su samu irinta kyauta a Play Store. A ɗora wayar a kan miƙaƙƙen katako. Dole gangaren ya fuskanci indararo. Inda ya lotsa, nan ruwa zai kwanta.

4. A kwarara bokiti biyu na ruwa daga can ƙarshen rufin, wani ya tsaya ƙasa yana kallo. Idan ruwan ya fito a hankali, ko ya bi jikin bango, akwai gyara.

Gyaran kansa

A yashe indararo, a fitar da duk wata waya daga cikinsa, a bi da ita ta bututun roba a gefe. Indararo ya zarce bango sosai, don kada ruwa ya ci gindin gini. Tsagewar soro da ta rawani aikin magini ce: a cike, a yaɓe, a shafe da makuba ko abin da aka saba amfani da shi. A rufin kwano kuma, a duba ƙusoshin da suka ɗago da ramukan da masu haɗa sola suka huda, a toshe su.

Wajen ɗebo ƙasar yaɓe, a nisanci wuraren da ake niƙa ko wanke dutsen zinariya. Gubar dalma da ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta kashe ɗaruruwan yara, ta irin wannan ƙura ta shiga gidaje.

Hattara

Kada a hau rufi idan hadari ya haɗo ko ana walƙiya, kuma kada a taka jiƙaƙƙen soro. A kula da wayar lantarki da ta ratsa kusa kafin a ɗaga sanda. Faifan sola yana ba da wuta muddin akwai rana, ko da an kashe inbata, don haka mai haɗawa ne zai taɓa wayoyinsa. Idan azara ta lanƙwasa ko ta fara ƙara, a kwashe mutane daga ɗakin a daren, a kira magini da safe.