DARASI: MUSAYAR TSOHUWAR MOTA DA AIBIN DA KE ƁOYE A TAYA

Darasinmu na wannan wata ya shafi ciniki, kuma tambayar da za mu bincika ita ce: idan mutum zai rabu da kayansa alhali ya san akwai aibi a jikinsu, wajibi ne ya faɗa ko da ba a tambaye shi ba?

Misali

Mu ɗauki misalin wani magidanci a Sandamu, garin da ke kan babbar hanyar Kano zuwa Daura. Yana da tsohuwar Golf wadda ya daɗe yana jigilar fasinja da ita zuwa kasuwannin Daura da Mai'aduwa. Da ƙarfinta ya fara ƙarewa, sai ya yi niyyar kai ta wurin mai sayar da motoci, ya ba da ita, ya yi ciko, ya karɓi wadda ta fi ta. Ana saura kwana uku, ya faɗa rami da gudu, tayar gaba ta yi kumburi a gefe kamar ƙwan kaza. Mai faci ya duba ya ce wannan ba ta facuwa. Sai wani abokinsa ya ba shi shawara: a cire tayar, a juya kumburin ya koma ta ciki inda ido ba ya kaiwa, a mayar da ita baya, a goge ta ta yi ƙyalli. Ya ƙara da cewa, "Ai dillali ba yaro ba ne. In bai gani ba, ruwansa."

Abin da kumburin yake nufi

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san girman aibin. Taya ba roba ce zalla ba. A cikinta akwai saƙar zare da waya, kuma su ne ke riƙe ƙarfin iska da nauyin mota. Idan ƙusa ta huda taya a wurin da ke taka ƙasa, mai faci yana iya gyarawa. Amma kumburi a gefe alama ce cewa zaren ciki ya tsinke, roba kaɗai ta rage tana tare iska. Babu facin da ke mayar da wannan zare. Da zarar an haɗa mata lodi da gudu da zafin kwalta na watan Afrilu, tana iya fashewa ba tare da gargaɗi ba.

Ƙasarmu ta san ɗacin wannan. A ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, kuma binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ya nuna cewa tayar baya ce ta fashe kafin motar ta ƙwace. Saboda haka mayar da taya mai rauni baya ba ya kawar da haɗari. Motar ministan kuwa ta fi Golf ɗin Sandamu lafiya nesa ba kusa ba.

Koyarwar Waliyi Toma Akwinas

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce. Waliyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a shekarar 1274, ɗan ƙungiyar Dominikan ne, wato ƙungiyar da Fadojinta suka yi aiki a Gusau da Malumfashi. Ya tattauna batun a babban littafinsa na tauhidi, ya kuma kafa misali da doki, abin da mutumin ƙasar Daura ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kansa.

Ya raba aibi gida biyu. Na farko shi ne wanda yake a fili, kamar doki mai ido ɗaya. A nan mai sayarwa ba lalle ne ya yi shela ba, muddin ya rage kuɗin daidai da aibin, domin mai saye yana ganin abin da yake saye. Na biyu shi ne aibin da yake ɓoye, wanda zai jawo wa mai saye asara ko ya jefa shi cikin haɗari, kamar gurgun doki da aka sayar a matsayin mai gudu, ko gidan da ke shirin rushewa, ko ruɓaɓɓen abinci. A nan shiru yaudara ne, kuma wanda ya sayar yana da alhakin biyan ɓarnar da ta biyo baya.

Mu auna tayar da wannan ma'auni. Idan zanenta ya cinye har kowa yana gani, ta shiga kashi na farko: a rage kuɗi, ciniki ya halatta. Amma kumburin da aka juya ciki ya shiga kashi na biyu, har ma ya zarce, domin da gangan aka ɓoye shi. Mai yin haka ya taɓa dokoki uku daga cikin Dokoki Goma: ta bakwai wadda ta hana cin dukiyar wani, ta takwas wadda ta hana ƙarya, da ta biyar wadda ta tsare ran ɗan Adam.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da irin wannan hukunci. A fikihun Malikiyya, mai saye yana da ikon mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Dokar ƙasa kuma ba ta yi shiru ba: dokar kare masu saye da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon shekarar 2019 ta hana yaudarar mai saye game da ingancin kaya.

Uzurin da muka saba ji

Wani zai ce dillali ƙwararre ne, shi ya kamata ya duba. Gaskiya ne ya kamata ya duba. Amma dillali ba shi zai hau motar ba. Zai wanke ta ya sayar wa wani direba, direban kuma ya cika ta da mata da yara ranar kasuwa. Yaudarar da aka yi wa mutum ɗaya a kan waɗannan za ta sauka, kuma ba wanda ya san ko ɗan mai motar na cikinsu.

Wani kuma zai ce cikon zai ƙaru idan ya faɗa. Haka ne, zai ƙaru, kuma ga talaka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai abin da zai ƙaru bai wuce kuɗin taya ɗaya ba, kuma tun asali ba haƙƙinsa ba ne, domin motar da ke hannunsa mai taya uku ce masu lafiya, ba huɗu ba.

Abin yi

Hanyoyi biyu ne a gaban magidancin. Ko dai ya sayi taya mai lafiya ya sa kafin ya kai motar, ko kuma ya nuna wa dillali kumburin da yatsansa, a cire kuɗin daga ƙimar motar. Idan ya canza ta, ya sa a yanka tsohuwar don kada ta koma kasuwa a matsayin ta hannu. Dillalin da aka faɗa wa gaskiya, nauyin ya koma wuyansa: kada motar ta bar hannunsa da wannan taya.

Mai saye kuma ya sa hannu ya shafa tayoyi ciki da waje. Ya nemi lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Roba tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Wanda kuma ya riga ya yi irin wannan ɓoyo, tubarsa ba ta cika ba sai ya nemi wanda ya karɓi motar ya sanar da shi, tun abin bai faru ba.

Tambayoyi don tattaunawa a Zumunta

1. A sana'arka, wane aibi ne yake a fili, wane ne kuma yake ɓoye?
2. Me za ka ce wa abokin da ya ba da shawarar juya tayar?
3. Akwai cinikin da ka yi wanda har yanzu yake bukatar gyara?

Ubangiji ya ba mu zuciya mai gaskiya a kasuwa, ya kuma kiyaye dukan matafiya a hanyoyinmu. Amin.