Lissafin Ruwan Indararo Kafin Sayen Tanki

Muna bakin Tafkin Kainji, amma da bazara matan ƙauyukan tudu a Shanga da Ngaski sammako suke yi neman ruwa. Na tafkin ma, mun san yadda tsargiya ke kama yaranmu. Ga ruwa mai tsabta yana zuba daga indararo duk damina, muna kallo yana bin kwararo.

1. Auna gidan daga ƙasa, ba sai ka hau sama ba. Tsawo sau faɗi, har da bakin kwanon da ya leƙo waje. Mita 10 sau mita 6, murabba'in mita 60 ke nan.

2. Riƙe wannan ƙa'ida: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Yelwa na samun kusan milimita 1,000 a shekara, don haka wancan rufin lita 60,000 ke sauka a kansa. Cire kashi ɗaya cikin biyar saboda fantsama da yoyo, saura 48,000. Duro 240 fa, daga kwanon da ka riga ka biya kuɗinsa! Rufin ciyawa kuwa shanye ruwan yake yi, ɗan abin da ya zubo ma ya rine.

3. Don auna ruwan sama, ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, nesa da bishiya. In ruwa ya ɗauke, a tsoma rula. Ba ɗan makaranta wannan aiki, ya riƙa rubutawa.

4. Kada lissafin shekara ya ruɗe ka. A wancan rufin, ruwan dare ɗaya na milimita 30 ya kai lita 1,440, duro bakwai. A Agusta tankin zai yi ta ambaliya, sai a ja rarar zuwa gindin mangwaro, nesa da katanga.

5. Nan ne na fi so a natsu. Gida mai mutum takwas, kowa lita 20 a rana, wata ɗaya zai ƙarar da tankin lita 5,000. In an keɓe shi don sha da girki, lita biyar kowa, zai kai wata huɗu. A shawarata a sa masa kwaɗo tun Oktoba, makulli a hannun uwargida, wanki da wanka a nemi na rijiya.

6. Ruwan farko a bar shi ya wanke ƙurar hunturu da kashin ƙadangare. A rufe bakin tanki da raga saboda sauro, na sha kuma a tafasa.