Darasin Lafiyar Iyali: Kujerar Wanka Don Tsofaffi da Masu Raunin Jiki

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:8, Yohanna 13:1-17

Manufar darasi: Mu gane haɗarin da ke cikin wurin wanka, mu kuma koyi yadda za mu shirya wurin zama mai ƙarfi domin 'yan'uwanmu da ba sa iya tsayuwa ko tsuguno.

Gabatarwa

'Yan'uwa cikin Almasihu, a ƙasar Isra'ila rufin gida shimfiɗaɗɗe ne kamar na soro. A kansa ake shanya, ake shan iska, har a kwana lokacin zafi. Saboda haka Ubangiji ya umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufin rawani kewaye, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Mu lura, Allah bai ce wanda ya faɗi shi ya jawo wa kansa ba. Mai gida aka ɗora wa nauyin, kuma tun kafin haɗarin ya auku.

Yawancinmu ba ma hawa kan rufi. Amma a kowane gida akwai wurin da ruwa da sabulu da gansakuka suke haɗuwa, wato wurin wanka. Can ne tsoho yakan shiga shi kaɗai, ya ajiye sandarsa a waje, ya tuɓe, ya rufe ido saboda kumfa. Rawanin da wannan wuri yake bukata shi ne kujera mai ƙarfi da abin riƙewa.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa mutum kusan 684,000 suke mutuwa kowace shekara saboda faɗuwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan mutuwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita take faruwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi mutuwa. Wani rahoton hukumar na 2007 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara.

Ƙashin tsoho ba kamar na yaro ba ne, musamman na mata bayan sun daina al'ada. Zamewa ɗaya takan karya ƙashin kwatangwalo. Irin wannan karaya sau da yawa sai an yi aiki a babban asibiti, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, kuma kuɗin yakan cinye amfanin gonar shekara. Wanda ya daɗe a kwance kuma yakan kamu da gyambon kwanciya da ciwon huhu.

Akwai wata hasara da ba a cika faɗa ba. Wanda ya taɓa zamewa yakan ji tsoro ya rage wanka. Sai ƙaiƙayi da ƙuraje su biyo baya. Sai kunyar warin jiki ta sa ya daina zuwa sujada, ya daina zama cikin mutane. Mukan ce tsufa ne ya hana Baba zuwa majami'a, alhali wani lokaci rashin wurin zama ne a bayan gida.

Su wane ne suke bukata?

A ƙauyukanmu da bokiti ake wanka, a tsugune ko a sunkuye. Wannan yana bukatar gwiwa mai ƙarfi da kai marar jiri. Mu yi tunanin waɗannan:

• tsofaffi masu ciwon gwiwa, ciwon baya ko sanyin ƙashi;
• waɗanda hawan jini ya shanye musu ɓarin jiki;
• waɗanda shan inna ya taɓa. A Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, amma waɗanda ta riga ta gurgunta suna nan tare da mu, suna kuma manyanta;
• waɗanda aka yanke wa ƙafa, da masu karaya;
• waɗanda kuturta ko ciwon suga ya kashe musu ji a ƙafa da hannu;
• makafi da masu raunin gani;
• mata masu tsohon ciki, da masu jego, musamman wadda aka yi wa aiki.

Kada kowa ya ɗauki kujerar wanka abin alatu. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin kayan taimako guda 50 da ta ce su ne kan gaba, kuma kujerar wanka da ƙarfen riƙewa suna ciki, tare da keken guragu da tabarau.

Kujera mai kyau

Abu huɗu za mu duba.

Tsawo. Kujerar tsuguno ta mata ta yi ƙasa ƙwarai. Zama a kanta ba wuya, tashi ne aiki, kuma wajen tashi aka fi faɗuwa. Ga yawancin manya, inci 17 zuwa 19 daga ƙasa (santimita 43 zuwa 48) ya yi daidai. Abin da ya fi shi ne a auna mutumin kansa, daga ƙasa zuwa bayan gwiwarsa. In ya zauna, tafin ƙafarsa duka ya taka ƙasa, gwiwa kuma kada ta fi ƙugu tsawo. Amma mai shan inna da yake rarrafe, ƙaramin benci mai faɗi zai fi masa sauƙin hawa. A tambaye shi.

Ƙarfi. Babban mutum mai lafiya ya fara zama a kai, ya karkata dama da hagu. In ta yi rawa ko kaɗan, ba ta yi ba.

Jingina da hannuwa. Mai jiri ko mai shanyewar ɓarin jiki yana bukatar abin jingina baya da hannuwa biyu da zai dafa ya tashi.

Tafiyar ruwa. Wurin zama ya kasance da ramuka ko 'yar tazara tsakanin katakai domin ruwa ya wuce. Fuskarsa ta zama sumul, ba ƙusa, ba sartse.

Iri uku da za mu iya yi

1. Dakalin siminti. Wannan ya fi kowanne daɗewa, gara ba ta cinsa, ba ya kuma motsi. Magini ya gina shi jikin bango, bangon ya zama abin jingina. Jeri biyu na bulo sun kai inci 18 tun ba a sa siminti ba, saboda haka in mutumin gajere ne a nutsar da jerin farko kaɗan cikin ƙasa. A shafe samansa sumul, a ɗan karkata shi don ruwa ya gangara, a kashe kaifin bakinsa. Siminti yana da tauri da sanyi, sai a shimfiɗa ninkakken tawul.

2. Bencin katako. Kafinta ya yi amfani da itace mai jure ruwa da gara, kamar ƙirya, marke ko maɗaci. Ƙafafun su ɗan buɗe waje, a ɗaure su da katako a tsakani. A yanko robar tsohuwar taya a manna ƙarƙashin kowace ƙafa. A shafa fenti mai mai, a riƙa fitar da bencin ya sha iska bayan wanka. Amfaninsa shi ne ana iya ɗauka zuwa ɗaki ranar da jiki ya yi nauyi.

3. Kujerar roba. Tana da araha, tana da jingina da hannuwa, ruwa ba ya ɓata ta. Amma wadda rana ta daɗe tana duka takan karye ba zato, ƙafafunta kuma sukan baje a kan jiƙaƙƙen siminti. A zaɓi sabuwa mai kauri, a saka biyu ɗaya cikin ɗaya, a jingina ta da bango, a duba tsagewa kowane mako. Ba ta dace da mai nauyin jiki ƙwarai ba.

Kada a zauna a kan kifaffen bokiti, jarka, tsohon turmi mai mirginawa, ko bulo da aka jera ba siminti.

Abin riƙewa, daɓe da hanya

Zana ba abin dafawa ba ce, haka ma igiyar shanya da ƙofar kwano. A kafa gungume mai ƙarfi ko bututun ƙarfe kusa da kujera, a binne gindinsa kamar ƙafa 2 da siminti. In za a yi na kwance, tsawonsa daga ƙasa ya kai wajen ƙugu, wato inci 33 zuwa 36, kaurinsa kuma yadda hannu zai iya kewaye shi. Ga mai shanyewar ɓarin jiki, a sa shi ta gefen hannu mai lafiya.

Daɓen da aka goge ya yi ƙyalli yana da kyan gani, amma in ya jiƙe santsinsa ya fi na kuɓewa. A ja tsintsiya a kan simintin tun yana ɗanye domin ya yi kaushi. Daɓen ya gangara zuwa rariya, kada ruwa ya kwanta. A kankare gansakuka da burushi da yashi kowane mako, musamman da damina.

Hanya daga ɗaki zuwa wurin wanka ta zama babu duwatsu, turaku, tiyo ko igiyar akuya. Ga mai keke, faɗin ƙofa ya kai ƙafa 3, a maye tudun bakin ƙofa da gangara mai sauƙi: kowane inci 1 na tudu, ƙafa 1 ta tsawo. Ga makaho, a ja igiya mai ƙarfi daga ƙofar ɗaki har wurin, kada kuma a riƙa sauya wa kaya wuri. Ƙofa ta buɗe ta waje, domin in mutum ya faɗi a bayanta a iya shiga.

Yadda ake wanka a zaune

• A shirya kome kafin mutum ya shiga. A ɗora bokiti a kan bulo ko benci domin ya ɗebi ruwa da moɗa ba tare da sunkuyawa ba.
• A sa sabulu cikin raga ko tsohuwar safa, a ɗaure jikin abin riƙewa. Bin sabulun da ya faɗi ya kayar da mutane da yawa.
• Dogon soso na raga yana kaiwa baya da ƙafafu.
• A gwada ruwa da gwiwar hannu. Mai kuturta ko ciwon suga yana iya ƙonewa bai sani ba, saboda haka wani ne zai gwada masa. Ruwa mai zafi ƙwarai kuma yana sa jini ya sauka, mutum ya ji jiri in ya miƙe. Masu wankan jego su kula da wannan.
• A tuɓe a zaune, a goge jiki a zaune, a sa riga a zaune.
• Wajen tashi: ya matso bakin kujera, ya jawo ƙafafu ƙarƙashin gwiwa, ya karkato gaba, ya dafa, ya miƙe a hankali, ya ɗan tsaya kafin ya ɗaga ƙafa.
• Mai farfaɗiya kada ya kulle ƙofa, kada ya yi wanka a rafi ko cikin baho, wani kuma ya kasance kusa.

Mai taimako

Da Ubangiji Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, ya nuna mana cewa wannan aiki ba na ƙasƙanci ba ne. Amma taimako yana da ladabi. Abin da mutum zai iya yi da kansa, a bar shi ya yi, ko da zai daɗe. Yin haka yana ƙarfafa gaɓoɓinsa, yana kuma riƙe mutuncinsa. Namiji ya taimaki namiji, mace ta taimaki mace, in ba mata da miji ba. A rufa masa zane a cinya, kamar yadda Shem da Yafet suka rufe tsiraicin mahaifinsu (Farawa 9:23). A yi tambaya kafin a taɓa: "Mama, in cuɗa miki baya?" "Baba, ruwan ya yi daidai?"

Kada a ja mutum ta hannun da ya shanye, kafaɗa tana iya gocewa. Mai taimako ya tsaya ta gefen mai rauni, ya riƙe shi ta ƙugu. Lokacin wanka ne kuma ya fi dacewa a duba fata: ja ko rauni a ɗuwawu, kwatangwalo da diddige, da ciwo tsakanin yatsun ƙafa. In an gani, a gaya wa ma'aikacin lafiya da wuri.

Idan mutum ya faɗi

Kada a yi garajen ɗaga shi. A rufa masa zane, a tambaye shi inda yake masa ciwo. In ya kasa tsayuwa, yana jin zafi a matsematsi, ƙafa ɗaya ta gajarce ko ta juya waje, mai yiwuwa kwatangwalo ne ya karye. A ɗauke shi a kwance a kan ƙyaure ko faffaɗan katako zuwa asibiti, kada a fara ja ko murzawa. In ya bugu a kai sannan ya fara amai, barci mai nauyi ko ruɗewa, a tafi asibiti nan take. Ko bai ji ciwo ba, a gwada jininsa, a duba idonsa da magungunan da yake sha.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Bisa ga Maimaitawar Shari'a 22:8, wa ke da alhaki in wani ya faɗi a gidanmu?
2. Me ya sa Bitrus ya ƙi a wanke masa ƙafa da farko? Me wannan yake koya mana game da kunyar karɓar taimako?
3. Su wane ne suka daina zuwa sujada a ikilisiyarmu? Mun san dalili?
4. Waɗanne kaya da masu sana'a muke da su a nan ƙauyen?

Abin da za mu yi

A Janairu 2019 aka sa hannu a dokar Nijeriya ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda ta bukaci a gyara gine-ginen jama'a domin su iya shiga. Amma babu jami'in da zai zo ya duba bayan gidan Kaka. Wannan aikinmu ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Zumuntar Mata da dattawa su ziyarci gidaje cikin wannan wata, su nemi izini su ga wurin wanka, su rubuta masu bukata. A fara da gwauraye da waɗanda suke zaune su kaɗai. Matasa su ɗebo yashi da tsakuwa, magina da kafintoci su ba da yini ɗaya, ikilisiya ta keɓe baiko don siminti. Kada a gina wa kowa kome sai an zauna da shi, an auna shi, an ji abin da yake so. Bayan wata ɗaya a koma a ga ko yana amfani da shi, in ba ya yi a tambayi dalili a gyara.

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin iyayenmu da suka yi mana wanka muna ƙanana. Ka ba mu ido mu ga bukatarsu, da hannu mai haƙuri mu yi musu hidima cikin girmamawa. Ka tsare masu rauni daga faɗuwa, ka komo da su cikin zumuntarmu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.