Tsatsar Jiki da Sinadaran Kariya

1.0 Gabatarwa
Idan aka bar fartanya a waje da damina takan yi tsatsa, yankakken gauta kuma yakan yi duhu in ya sha iska. Iskar oksijin ce ke haddasa duka biyun. Makamancin wannan sauyi yana aukuwa a jikin ɗan'adam, shi ne wannan darasi ya kira tsatsar jiki.

2.0 Yadda Take Aukuwa
Ƙwayoyin jiki suna ƙona abinci da oksijin domin samar da kuzari. A yayin ƙonawar wasu ɓurɓushin sinadarai masu saurin kama abin da suka tarar sukan kuɓuce, su auka wa kitse da furotin da sinadarin gado. Hayaƙin taba da na itace da shan barasa suna ƙara yawansu. Sai dai suna da nasu amfanin, domin da su fararen ƙwayoyin jini ke kashe ƙwayoyin cuta. Matsala takan taso ne idan suka rinjayi kariyar jiki. An danganta wannan rinjaye da toshewar hanyoyin jini da yanar ido da illolin ciwon suga.

3.0 Sinadaran Kariya
Iri biyu ne:
(a) Waɗanda jiki ke haɗawa da kansa, kamar gulutatayon.
(b) Waɗanda ake samu a abinci: bitamin C a lemo da gwaiba da garin 'ya'yan kuka, bitamin E a gyaɗa, karotin a karas da manja da zogale.

Wasu jarirai, musamman maza, ana haihuwarsu da ƙarancin sinadarin G6PD mai kare jajayen ƙwayoyin jini. Kafur ɗin da ake sa wa tufafi yana iya farfasa musu jini, su kamu da shawara mai tsanani.

4.0 Abinci ko Ƙwaya?
A 1994 aka fitar da sakamakon binciken da aka yi a Finlan kan maza mashaya taba kimanin 29,000. Waɗanda aka ba ƙwayar karotin sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari.

5.0 Kammalawa
Ke nan, kariyar da ta fi inganci ita ce cin ganyaye da 'ya'yan itatuwa da nisantar hayaƙi. Ƙwayar bitamin kuwa sai da shawarar likita. Wannan shi ne saƙon da ya kamata malami ya isar ga ɗalibansa.

Auna Fahimta
1. Mece ce tsatsar jiki?
2. Me ya sa bai dace a sa kafur a kayan jariri ba?